Kuɗin da aka mayar maka: yaushe haraji ke hawa kansa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin 'yan kasuwa da ma'aikata tun da sababbin dokokin haraji, waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Tambayar ita ce: idan mutum ya biya kuɗi fiye da yadda ya kamata, daga baya aka dawo masa da rarar, shin wannan rara kuɗin shiga ce da za a cire wa haraji?

Amsa biyu ke yawo a gari, kuma kowacce tana iya jawo wa mutum asara. Wasu sun ɗauka duk alat ɗin da ya shigo waya haraji zai hau kansa, har ta kai mutum na roƙon a mayar masa da haƙƙinsa tsaba a hannu don kada ya bi ta banki. Wasu kuma sun ce ai kuɗinsu ne ya dawo, don haka babu ruwan hukuma da shi ko ta wane hali. Na farkon suna ɓatar da hujjar da za ta kare su gobe. Na biyun kuwa, idan 'yan kasuwa ne, suna tara wa kansu bashin haraji da tara da kuɗin ruwa ba tare da sun sani ba.

Abin da ke raba gardamar tambaya ɗaya ce, kuma ba ranar da kuɗin ya dawo take kallo ba, ranar da ya fita take kallo: lokacin da ka kashe wannan kuɗi, shin ka yi amfani da shi wajen rage harajin da ke kanka? Idan ba ka yi ba, dawowarsa ba kuɗin shiga ba ne. Kamar wanda ya miƙa wa mai shago Naira 1,000 a kan kayan Naira 700 ne, canjin da aka miƙo masa ba riba ba ce. Idan kuwa ka riga ka sa shi cikin kuɗin da ka kashe wajen gudanar da sana'a, aka cire shi daga ribarka kafin a yanka maka haraji, to ka ci moriyar ragin da yanzu ta tabbata bai cancance ka ba, kuma dole adadin ya koma cikin lissafi.

Wannan ba ra'ayin akantoci ba ne kawai. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni ta faɗe shi ƙarara a sashe na 28: inda aka amince wa kamfani ya cire wani kuɗi da ya kashe ko wani bashi da ke kansa, daga baya aka mayar masa da kuɗin ko aka yafe bashin, duka ko wani ɓangare, to adadin da aka mayar ko aka yafe ana ɗaukarsa ribar kamfanin a ranar da aka yi hakan. Dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ma tana da irin wannan tanadi, kuma sabuwar dokar da ta haɗe su wuri guda ba ta sauya wannan ƙa'ida ba.

Mu fara da mai sauƙin. Magidanci ya biya kuɗin makarantar yara sau biyu bisa kuskure, makaranta ta dawo masa da ɗaya. Majinyaci ya ajiye Naira 300,000 a asibiti, aka sallame shi an ci Naira 210,000, aka ba shi sauran. An soke tashin jirgi, kamfani ya mayar da kuɗin tikiti. Alhaji ya biya kuɗin kujera daga aljihunsa, bayan an dawo hukumar alhazai ta mayar masa da rarar wata hidima da ba a yi ba, kamar yadda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi kan yi. Duk waɗannan babu haraji a kansu, ko nawa ne, ko ta banki suka shigo ko ta hannu, domin hidimar gida da ta ibada ba a cire su daga kuɗin shiga tun farko.

Sai dai ko ma'aikacin da ba ya kasuwanci yana da wasu 'yan abubuwa da doka ta ba shi damar cirewa kafin a lissafa masa haraji: gudummawar fansho, ta asusun gidaje na ƙasa, ta inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai, kuɗin ruwan bashin gina gidan da yake zaune a ciki, sai kuma sabon sassaucin kuɗin haya. A nan ne ake yawan tuntuɓe. Sassaucin haya kashi 20 ne cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma ba ya wuce Naira 500,000. A ɗauka malamin makaranta ya biya hayar Naira miliyan 1.2, ya bayyana ta, aka cire masa Naira 240,000. Bayan wata takwas ya tashi, mai gida ya mayar masa da Naira 400,000 na watanni huɗun da bai zauna ba. Naira 400,000 ɗin ba kuɗin shiga ba ne. Amma hayar da ya biya a wannan gida ta zama Naira 800,000, sassaucin da ya dace da ita Naira 160,000 ne, don haka akwai Naira 80,000 da ta tsallake haraji. Idan yana matakin da ake cire harajin kashi 15 cikin 100, abin da ke kansa Naira 12,000 ne kawai, ba kashi 15 na Naira 400,000 ba. Idan ya kama wata hayar a sauran watannin, sai ya haɗa abin da ya biya a can a sake lissafi, wataƙila ma babu abin da zai biya. Wanda kuma ya biya hayar Naira miliyan 4 aka mayar masa da miliyan 1, babu abin da ya sauya a wurinsa, saboda kashi 20 na miliyan 3 ma ya haura Naira 500,000 da doka ta iyakance.

Haka zancen fansho. Idan ofishin albashi ya riƙa yankar wa ma'aikaci fiye da kashi 8 da doka ta ɗora masa, aka gano, aka dawo masa da rarar, wannan kuɗi albashi ne da bai taɓa bi ta ƙarƙashin haraji ba, don haka zai bi yanzu. Amma idan harajin albashin kansa, wato PAYE, aka cire fiye da ƙima aka dawo da shi, babu wani haraji a kansa. Mun ga dalilin jaddada wannan ne saboda a takardar albashi akan haɗa su duka a layi ɗaya a kira su ariyas, alhali ariyas na gaske, wato albashin da aka riƙe ba a biya ba, haraji na hawa kansa gaba ɗaya. Ya kamata ma'aikaci ya nemi a rarrabe masa layin.

Ɓangaren da ya fi nauyi shi ne na masu sana'a da kamfanoni, kuma a nan shekarar da kuɗin ya dawo tana da muhimmanci.

Idan ka kashe kuɗin kuma aka mayar maka a cikin shekarar lissafi ɗaya, babu wata wahala. Ka biya mai tirela Naira miliyan 2 kuɗin ɗauko kaya daga Legas, aka sake awo aka ga ya zarce da Naira 300,000, ya dawo da ita. A littafi kuɗin sufuri ya zama Naira miliyan 1.7, shi ke nan. Kuskuren da ake yi shi ne yaron shago ko magatakarda ya ga alat ya rubuta shi a shafin ciniki. Ribar ƙarshe ba ta sauya ba, gaskiya ne, amma jimillar ciniki ta kumbura da kuɗin da ba a sayar da komai a kansa ba. Mai binciken hukumar haraji zai nemi VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, na kashi 7.5 a kan wannan Naira 300,000, wato Naira 22,500. Mafi muni, jimillar ciniki ce ake dubawa kafin a ce kamfani ƙarami ne da ba ya biyan harajin riba, don haka irin wannan kuskure idan ya taru yana iya fitar da kamfani daga wannan rukuni ba gaira ba dalili.

Idan shekara ta riga ta rufe, an shigar da bayanan haraji, sannan kuɗin ya dawo, ba a komawa a buɗe tsohuwar shekara. Ana sa shi ne a cikin ribar shekarar da aka mayar. A ɗauki kamfanin casar shinkafa da ya biya kuɗin wuta Naira miliyan 18 a 2025, ban da VAT, ya cire duka daga ribarsa. A 2026 aka tabbatar an caje shi Naira miliyan 3 fiye da abin da ya sha. Wannan miliyan 3 za ta shiga ribar 2026. Idan babban kamfani ne, harajin kashi 30 ya kama Naira 900,000, harajin raya ƙasa na kashi 4 kuma Naira 120,000. Ga mai shago da ke kasuwanci da sunansa, lissafin yana bin matakan harajin ɗaiɗaikun mutane: babu haraji a kan Naira 800,000 ta farko, kashi 15 a kan miliyan 2.2 da ke biye, kashi 18 a kan miliyan 9 na gaba, daga nan kashi 21, 23, har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ribarsa ta shekara ta kai miliyan 6, aka mayar masa da Naira 500,000 daga hayar shagon bara, zai ƙara Naira 90,000 a harajinsa.

Misalin wutar lantarki ba mu kawo shi haka kawai ba. A Fabrairun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta umarci kamfanonin rarraba wuta su mayar wa masu amfani da wutar da ba su da mita abin da aka caje su fiye da ƙa'ida a 2023, kuma ba tsabar kuɗi aka tsara bayarwa ba, ragi ne a takardar kuɗin wuta. Haka ma wanda ya sayi mita da kuɗinsa akan biya shi ne da yunit. Mutane da yawa na ganin tunda babu alat, babu abin rubutawa. Ba haka ba ne. Ragin da aka yi maka a takarda mayar da kuɗi ne. Idan takardar wata ta nuna Naira 400,000, aka zare Naira 150,000 na ragi, ka biya Naira 250,000, ba za ka rubuta ka kashe Naira 400,000 ka manta da ragin ba. Ko dai ka rubuta Naira 250,000, ko ka rubuta Naira 400,000 a gefe guda da Naira 150,000 a ɗaya gefen. Gidan zama kuwa babu ruwansa da wannan lissafi. Inda shago da gida ke kan mita ɗaya, kason da aka ɗora wa sana'a tun farko shi za a bi: wanda ya saba cire kashi 60 a matsayin na shago, idan aka mayar masa da Naira 200,000, Naira 120,000 ce za ta shiga lissafi.

Wasu kan ce, a shekarar da suka kashe kuɗin asara suka yi, ba su biya haraji ba, don haka ba su ci moriyar komai ba. Sun ci. Kuɗin ya ƙara girman asarar, ita kuma asarar ana jan ta zuwa shekarun gaba tana rage riba. Rarar za ta shiga lissafi, ko da abin da za ta yi kawai shi ne rage asarar da ake ja.

Akasin haka, abin da doka ba ta yarda a cire ba tun farko, dawowarsa ba riba ba ce. Tarar da aka ci kamfani saboda karya doka ba a cire ta daga riba, to idan aka ɗaukaka ƙara aka yi nasara aka dawo da ita, babu haraji. Harajin riba da kansa ba a cire shi, don haka rarar harajin da hukuma ta mayar ko ta ajiye maka don shekara mai zuwa ba kuɗin shiga ba ce. Sharaɗin dai shi ne a nuna takardar lissafin harajin waccan shekarar, inda aka mayar da adadin cikin riba. Idan an ɓoye tarar a ƙarƙashin "sauran kashe-kashe" aka cire ta, to an cire ta, kuma dawowarta za ta bi hukuncin sauran.

Akwai kuma kuɗin da bai taɓa zama kashewa ba. An tura wa dila kuɗin kaya ɗaya sau biyu, aka rubuta sayen sau ɗaya, turawa ta biyu bashi ce a kan dilan har ya dawo da ita. Kafin alƙalamin da aka bayar a kan kayan da ba su iso ba, da kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, duk haka suke. Dawowarsu ba ta taɓa riba. Amma idan magatakarda ya rubuta sayen sau biyu har aka shigar da bayanan haraji a haka, wannan kuskuren littafi ne na kamfanin kansa, kuma gyaransa shi ne a sanar da hukuma a gyara bayanan waccan shekarar, kafin mai bincike ya gano da kansa.

Masu sarin kaya suna da nasu lissafin. A ce dila a Kasuwar Singa ya saro buhun sukari 1,000, daga baya kamfani ya ba shi ragin Naira 500 a kowane buhu, jimilla Naira 500,000. Idan ya sayar da buhu 600 zuwa ƙarshen shekara, 400 na sito, Naira 300,000 ce ke ƙara ribar bana. Sauran Naira 200,000 tana rage darajar kayan da ke sito, sai an sayar da su za ta bayyana a riba. Wanda ya zuba duka a ribar bana ya biya haraji kafin lokacinsa.

Kayan aiki masu daɗewa, irin su janareta, inji ko mota, ba a cire kuɗinsu lokaci guda, ana cirewa ne kashi-kashi kowace shekara. Idan an sayi janareta Naira miliyan 10, ana cire kashi 20 a shekara, wato miliyan 2, sai bayan shekara ɗaya mai sayarwa ya dawo da miliyan 1 saboda ƙarfin injin bai kai yadda aka yi ciniki ba, ainihin kuɗin janaretan ya zama miliyan 9. Abin cirewa a shekara ya koma miliyan 1.8, kuma Naira 200,000 da aka cire fiye da ƙima a shekarar farko sai an daidaita ta. Ba a ɗaukar miliyan 1 ɗin a jefa ta cikin ciniki.

Kada a manta da VAT da ke cikin kuɗin. Idan aka mayar maka da Naira 1,075,000 a kan kaya ko aikin da VAT ya hau, Naira 75,000 daga ciki VAT ne. Idan ka riga ka cire shi daga VAT ɗin da kake miƙa wa hukuma, dole ka mayar da shi a bayanan watan da aka dawo da kuɗin, waɗanda wa'adin shigar da su ke ƙarewa ranar 21 ga wata mai biye. Shi ma mai sayarwar ba zai iya rage nasa ba sai ya fitar da takardar ragi mai nuna lambar rasit na asali. Wannan takarda ita ce ginshiƙin lamarin ga ɓangarorin biyu, kuma ita ce aka fi sakaci da ita a kasuwanninmu, inda ake gama magana da baki a tura kuɗi.

Duk abin da ya ɗara kuɗin da ka bayar, sabon abu ne. Idan banki ya caji kamfani fiye da ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya, aka tilasta masa mayarwa tare da kuɗin ruwa, kuɗin ruwan kuɗin shiga ne mai zaman kansa. Mun san akwai masu raba irin wannan ƙari ga mabuƙata saboda ba sa cin kuɗin ruwa, kuma wannan tsakaninsu da Ubangijinsu ne. Amma a wurin hukuma ya shigo, don haka a ware harajinsa kafin a rabar. Haka nan canjin kuɗi. Mai shigo da kaya ya biya dala lokacin da take Naira 900, aka dawo masa da dala 1,000 ya canza a kan Naira 1,500. Naira 900,000 ce ta dawo, Naira 600,000 kuma ribar canji ce da za ta shiga lissafi ko da ita uwar kuɗin ba ta shiga ba.

Yafe bashi ma na cikin wannan babi, kuma ya shafe mu sosai a Arewa, inda ubangida a kasuwa kan yafe wa yaronsa ragowar kuɗin kaya bayan gobara ko karayar jari. Alheri ne babba. Sai dai idan wanda aka yafe wa ya riga ya sa kuɗin kayan gaba ɗaya a cikin abin da ya kashe, adadin da aka yafe zai dawo cikin lissafinsa, ko da yake sau da yawa asarar gobarar kan shanye shi. Shi kuma ubangidan da ya cire bashin daga ribarsa a matsayin wanda ba zai dawo ba, idan Allah ya buɗa wa yaron bayan shekaru ya kawo kuɗin, riba ce a shekarar da ya karɓa. Rancen da ɗan'uwa ya ba ɗan'uwansa don hidimar gida ya yafe bai shiga nan ba.

Ga ma'aikatan ofis, bambancin da za a riƙe shi ne tsakanin biyan abin da aka kashe da alawus. An tura ma'aikaci Abuja aiki, ya biya mota da masauki daga aljihunsa, ya kawo rasit, aka biya shi daidai. Doka ta daɗe da ware irin wannan daga albashi, muddin don aikin aka kashe kuma ba a nufi ma'aikacin ya ci riba ba. Amma Naira 50,000 da ake zubawa kowane wata da sunan kuɗin mai ko na waya, ba a neman rasit, ba a neman sauran canji, albashi ne da wani suna, kuma PAYE na hawa kansa. Idan aka ba ma'aikaci Naira 400,000 ya je aiki, ya kawo rasit na Naira 310,000, aka ce ya riƙe sauran, Naira 90,000 ɗin ta zama tasa, haraji ya hau. Haka idan ofis ne ya biya otal, aka rage kwana, otal ya mayar da rarar cikin asusun ma'aikacin aka bar masa. Ba shi ya biya ba, don haka a wurinsa ba kuɗinsa ne ya dawo ba. A gefe guda kuma, wanda aka biya albashi fiye da ƙima aka riƙa zarewa daga baya, yana da haƙƙin a rage masa harajin da aka cire a kan wannan rarar, kuma ofishin albashi ne ya kamata ya daidaita kafin ya shigar da bayanan shekara ranar 31 ga Janairu.

'Yan kwangila da masu aikin ƙwarewa su lura da yadda suke rubuta takardar neman biya. Ƙa'idojin 2024 na harajin da ake cirewa tun daga tushe sun ware kuɗin da mai aiki ya kashe daga aljihunsa, muddin an bambanta shi da ladan aikin. Injiniyan da ladansa miliyan 2 ne, ya kashe Naira 600,000 a tafiye-tafiye, idan ya raba su layi biyu ya haɗa da rasit, kashi 5 za a cire daga miliyan 2, wato Naira 100,000. Idan ya dunƙule su za a cire Naira 130,000. Naira 30,000 ɗin ba ta ɓata ba, amma ta maƙale sai ƙarshen shekara.

Duk wannan bayani ba zai amfani mutum ba idan babu takarda. Mai bincike bayanan banki yake fara ɗauka, kuma duk kuɗin da ya shigo asusun kasuwanci da ba a iya bayaninsa ba, ciniki zai ɗauke shi. Rubuta dalilin turawa a wajen tura kuɗi yana taimakawa wajen tunawa, amma shi kaɗai ba hujja ba ne, domin kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Abin da ke tsayawa shi ne a haɗa rasit na asali, da shaidar fitar kuɗin daga banki, da wasiƙar ƙorafi ko saƙon da aka amince da kuskuren, da takardar ragi, da shaidar dawowar kuɗin, a ajiye su wuri ɗaya aƙalla shekara shida. A nemi kuɗin ya fito daga asusun wanda aka biya tun farko, ya koma asusun da ya fita. Idan kamfani ya biya amma rarar ta faɗa asusun mai kamfanin, an buɗe ƙofar tambayoyi biyu: me ya sa ba ta bayyana a littafin kamfani ba, kuma a wane matsayi shi ya karɓe ta. Wanda ya karɓi tsaba a hannu kuwa, ranar da ya zuba ta a banki ba shi da abin da zai nuna.

Idan duk da haka aka yanka wa mutum haraji a kan kuɗin da bai kamata ba, yana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ya rubuta ƙin amincewa, ya faɗi dalilansa dalla-dalla, ya nuna adadin da ya yarda da shi, ya haɗa da kwafin takardun nan. Zuwa ofis a yi magana da baki ba ya tsayar da ƙidayar kwanakin, kuma idan suka wuce, abin da aka yanka ya tabbata. Idan ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ke zama a Kaduna don Arewa maso Yamma, a Bauchi don Arewa maso Gabas. Ɗaiɗaikun mutane da masu kasuwanci da sunansu suna hulɗa ne da hukumar harajin jihar da suke zaune, kuma ranar 31 ga Maris ce ƙarshen shigar da bayanansu na shekara. Kamfanoni kuma suna ƙarƙashin hukumar tarayya da a da ake kira FIRS, yanzu NRS, suna da wata shida bayan rufe shekarar lissafinsu.

Edita, muna kira ga hukumomin harajin jihohinmu su fitar da bayani a rubuce da Hausa a kan wannan batu, da misalai na alƙaluma, su kai shi ga shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin ma'aikata, su kuma umarci jami'ansu na bincike su nemi takardun mayar da kuɗi kafin su lissafa duk wani alat a matsayin ciniki. Kamfanonin wuta da bankuna da manyan diloli kuma su riƙa ba abokan hulɗarsu takardar ragi mai ɗauke da kwanan wata, da lambar rasit na asali, da adadin VAT a ware, ba sai an yi ta bin su ba.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Naka,
Wasu akantoci da masu ba da shawara kan haraji,
Kano.